Sallar da Inna Ta Kira Ni Goronyo

Maiɗakina ta rasu da kaka, ana tsakiyar yankan gero. Ciwon bai daɗe ba. Ta bar mani yara biyu, namiji da ya fara wayo da 'yar autarmu wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba. Ni malamin makaranta ne a Wurno. Iyayena sun rasu tuni, yayata kuma tana aure a Rabah. Da anka watse daga zaman makoki, mu uku munka rage a gidan.

Na koyi dafa shinkafa da wake. Tuwo kam ya ƙi ni, kullum sai ya yi gudaji. Matar maƙwabcina ke yi wa yarinyar kitso, ni kuma in yi wanki ranar Asabar. Yarinyar ta ɗauki wata ɗabi'a, ko'ina za ni sai ta riƙe gefen rigata. In an tashi makaranta, bakin ajina take zuwa ta zauna har in gama.

Ana cikin azumi sai ga ƙanen marigayiya a kan babur daga Goronyo, ya ɗauro mana buhun albasa. Bayan mun gaisa ya ce Inna, wato surukata, ta ce in taho da yara da Sallah, akwai magana.

Na ce, "Maganar mi?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Malam. Ta dai ce kar ka bar kowa gida."

Ban buƙaci a faɗa mani ba. A wajenmu in mace ta rasu ta bar ɗiya ƙarama, kakarta ta wajen uwa ke ɗauka, ba wanda zai ga baƙon abu. Na kira yayata a waya, ita ma abin da ta ce ke nan.

"Yarinyar za ta karɓa. Kuma ba ka da bakin hana ta, ɗiyar ɗiyarta ce. Ɗiya mace sai da mace kusa, kai ma ka sani."

Na sani. Shi ya sa ban yi musu ba.

Ranar Sallah munka tafi idi mu uku. Rigar da tela ya ɗinka wa yarinyar ta yi mata tsawo, don ni na yi awon da igiya, sai tattare ta take yi da hannu kamar mai tsallaka ruwa. Na yi zaton dawowa gida zai fi komai zafi, gidan da ba a hura wuta ba ranar Sallah. Sai munka iske kwanoni jere a zaure, kowace maƙwabciya ta aiko da nata. Abokan aikina biyu sunka zo, sunka ce sun ji labarin gidana ya fi ko'ina abinci. Sunka zauna har la'asar suna gardamar ƙwallo da yarona. Ba wanda ya yi mani ta'aziyya a cikinsu, na kuwa ji daɗin haka.

Washegari da safe na haɗa kayan yarinyar a jaka, har da takalmin makaranta da 'yar tsanarta. Ta tambaye ni, na ce ai kwana za mu yi. Munka shiga mota zuwa Goronyo. Zafi ake yi sosai, lokacin cire albasa ne, duk fadama an tara ta tsibi-tsibi, warinta har cikin mota.

Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa zama da Inna wuri ɗaya ba. A bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa daga bayan labule, shi ke nan. Ranar ma haka na yi. Yara sunka ruga ciki, ina jin tana yi wa namijin tsiya, wai angonta ya zo hannu biyu babu ko goro. Can sai ta ɗaga labulen ta fito da tabarma, ta shimfiɗa a ƙarƙashin rumfa.

"Malam, shigo ka zamna. Wadda muke jin kunyar juna dominta ta tahi."

Na zauna a gefen tabarmar, kaina a ƙasa. Ta rame fiye da yadda na san ta. Idonta ya kai kan jakar da na aje.

"Wagga jaka ta mi ce?"

"Kayan yarinyar ne, Inna."

"Kwana nawa za ku yi da ka kwaso wanga kaya?"

Da ƙyar na ce na ji an ce akwai magana, na ce gara in taho da shiri. Ta dube ni, ta kama haɓa.

"Subhanallahi. Kai nan ka zaci raba ku zan yi? Yarinya ta rasa uwa, in kuma raba ta da uba? Ka dubi guiwoyina. Ni da ake kawo wa buta, ni zan bi ta makaranta?"

Ban san lokacin da hawaye sunka zubo mani ba. Ta kau da kai, ta yi kamar tana korar kaji, har na share fuskata.

Ashe maganar biyu ce. Ta farko, marigayiya ta taɓa sayen tunkiya ta bar wa Inna kiwo, don gidanmu babu fili. Tunkiyar ta haifi tagwaye, Inna kuma ba ta iya nemo masu harawa. Hakkin yara ne, in kwashe abinsu. Ta biyu ta fi yi mata wuyar faɗi.

"Tun addu'ar arba'in ban sa ku a ido ba, sai saƙon gaisuwa. Na ce ko shi ke nan, an yanke ƙahwa. Ka yi aure duk ran da ka tashi, ni zan hwara sa maka albarka. Amma ka riƙa kawo mani su in gani."

Ni ina can ina tsoron zuwa, ita tana nan tana tsoron ba zan sake zuwa ba. Na faɗa mata haka, ta yi dariya har da tari.

Anka kawo waina da miyar taushe. Yarona ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya ce, "Irin ta Mama." Inna ta ce, "Ni na koya mata. Amma ta hi ni zuba yaji, ita ko jariri za ta ba sai ta zuba." Ƙannen marigayiya sunka fashe da dariya, daga nan kowa ya fara kawo nasa labarin: yadda take rigima da mai nama, yadda ta taɓa faɗawa ramin ban-ruwa da kayan Sallah tana yarinya. Yawancinsu ban taɓa ji ba. Tun rasuwar, ranar ce ta farko da na ji an ambace ta ana dariya, na kuma ci abinci na ƙoshi. Kafin la'asar wata ƙanwar marigayiya ta karɓi rigar autar ta rage mata tsawo da zare da allura.

Kwana ɗaya munka yi. Da za mu dawo, direba ya rantse ba zai ɗauki tunkiya da 'ya'ya biyu ba, sai da ƙanen marigayiya ya sa baki. Anka sa uwar a but ɗin motar, yarana kowa ya rungume ɗan rago ɗaya a cinya. Kafin mu kai rabin hanya tunkiyar ta miƙo wuya ta cinye wa wata mata rabin ƙullin zogalenta. Na yi ta ba da haƙuri, matar tana faɗa, yarana suna ta ƙyaƙyata dariya.

Da munka isa Wurno na ɗaure su a gindin dalbejiyar ƙofar gida, na tafi wajen maƙwabcina aron gatari. Ya ce shi bai taɓa ganin malamin makaranta ya kafa turke daidai ba, ya sa hularsa ya biyo ni.