Saƙon Motar Tumatir: Daga Kano Zuwa Kibiya

Tashi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida, kwamfuta a jaka, zuciyata fes. Kawu Sale, sakataren ƙungiyar manoman tumatir ta Kibiya, shi ya kira ni. Manhajar da na yi musu bara, mai sanar da manoma zuwan motar kaya, ɗaya bayan ɗaya take aika saƙo, sai ta ji amsar wannan sannan ta juya kan wancan. Sau biyu saƙo yana isa Unguwar Gai bayan mota ta tashi, tumatirinsu ya ruɓe a kwando. A ranar kuma wata motar za ta zo da la'asar.

Maganin yana jakata. Na sake rubuta manhajar da wani ƙunshin kayan aiki da masana suka ajiye a intanet, a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya gyara. Da shi ake aika saƙo ɗari a lokaci guda ba tare da jiran kowa ba.

Rano

Shida da kwata motarmu ta bar tasha. Shinge biyu muka wuce kafin Bunkure. Direba ya ga yadda na rungume jaka, ya ce, "Malam, jariri ne a ciki?" Na ce ya fi jariri rigima.

Takwas saura muka shiga Rano, na karya da shayi da ƙwai. Mai shayin ya fasa ƙwaina a kasko, ya zuba wa wani shayi, ya yanka wa wani burodi, bai tsaya kallon kaskon ba. Na ce a raina, ga manhajata a tsaye. Daga nan ɗan acaɓa ya kai ni Kibiya cikin rabin awa.

Kibiya

Ƙarfe goma muka yi gwaji a zauren Alhaji Sarkin Noma, shugaban ƙungiyar. Na danna, wayoyi suka ɗau ƙara ko'ina. Ta Alhaji kaɗai ta yi shiru, don sabis ba ya shiga zauren sosai. Ina cikin washe baki sai ga wani manomi da Alhaji ya yi jika da shi, ya leƙo ya ce, "Alhaji, ka ji mota za ta zo?"

Fuskar Alhaji ta canja. "Ni ake kawo wa labarin mota? Sale, a rufe abin nan."

Kunya ta kama ni. A tsohuwar manhajar sunansa ne na farko, don a nan babba ke fara ji, shi ke ba da izini. Ni kuwa garin sauri na zubar da wannan.

Na durƙusa na ce, "Alhaji, laifina ne. A ba ni minti goma." Layi ɗaya na ƙara: a jira amsar Alhaji, sannan a saki sauran gaba ɗaya.

Sha biyu saura na aika saƙon gaske. Shiru. Kawu sai duba agogo yake, don mutanen Unguwar Gai na buƙatar awa uku su tsinka su kawo. Can sai Alhaji ya miƙe da sandarsa, ya fita tsakiyar rana, ya ɗaga waya sama har saƙon ya shigo. Ya danna amsa da kansa, ya ce, "To, a gaya musu." Kafin ya sauke hannu wayoyi sun ɗau kuka.

Uku da rabi amalanken Unguwar Gai suka iso, kwandunansu ne suka fara hawa mota.

Komawa

Alhaji ya tambaye ni wa ya rubuta kayan aikin. Na ce mutane ne da yawa, ban taɓa ganin ko ɗayansu ba. Ya ce, "Kuma kyauta? Allah Ya saka musu." Ya sa aka ɗaura mini kwando guda.

Bayan magariba na shiga gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Kawu Sale da Alhaji, da waɗannan bayin Allah da ba su san akwai wani gari Kibiya ba.