Shuɗin Gilashin da Na Makara da Shi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Maris, 2001, kwanaki kaɗan bayan babbar salla, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kuma aminina, Malam Nata'ala mai yankan gilashi, a gidansa da ke Dutse, bayan zazzaɓin kwana uku kacal.

Malam, daga Miga ka zo shekarar da aka ba mu jiha, da abin yankanka da 'yar kwalbar kananzir da kake tsoma bakinsa. Rabin tagogin unguwarmu aikin hannunka ne. Amma ba tagogin ne suke hana ni sukuni yau ba, garin Ikilima ne.

Ikilima 'yarka ce tilo, ciwon sikila ya hana ta fita wasa. Sai ka daina zubar da gutsattsarin gilashi. Kowanne sai ka goge bakinsa a dutse don kada ya yanke ta, ka kwaɓa yumɓu, ku zauna a tsakar gida tana faɗa kana gina mata ɗan ƙaramin gari. Koriyar kwalba ta zama kogi, fasasshen madubi ya zama rijiyar da take cewa taurari na shan ruwa a cikinta. Ba ka taɓa ƙera mutum ko dabba ba, ka ce mai rai aikin Allah ne. Ita take cika garin da mutane da bakinta.

Na sha yi maka tsiya, ina cewa dattijo da furfura ya koma wasan ƙasa. Murmushi kawai kake yi. Ashe ranar da ake gini ba ta kukan ciwo, ni ne ban lura ba.

Abu ɗaya ya rage, ƙubbar masallacin garin. Ta ce shuɗin gilashi take so, kuma babu shi a Dutse. Na ɗauki alkawarin kawowa daga Kano. Sau uku ina zuwa ina mantawa, wallahi ko sau ɗaya ba ka tuna mini ba. A zuwa na huɗu na sayo, na sauka daga mota da shi a naɗe cikin jarida, na tarar da tabarmi a ƙofar gidanka. Kaico, Malam! Kunyarka nake ji har yanzu.

Ranar sadakar uku na miƙa wa Ikilima. Ta daɗe tana ɗaga shi saitin rana, sannan ta ce, "Baffa, wa zai goge mini bakinsa?" 

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Malama Kubura, da Ikilima, da dangi na Miga. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba marainiyarka lafiya. Na ɗauko dutsenka, Malam. Tun jiya nake koyon gugar, yatsuna biyu sun riga sun yanke. Ka yafe mini.

Kamilu Abdurrahim, Dutse.