Babaji Mai Shela da Mashigin Garin Kanya

Kafin Babaji ya zama mai shelar Garin Kanya, yaron mota ne. Tun yana saurayi yake bin manyan motocin Potiskum masu dakon shanu zuwa kudu, yana zaune a saman katako, yana yi wa direba ihu idan za a ja da baya. A nan muryarsa ta buɗe. Wata shekara bijimi ya murƙushe masa idon sawu wajen sauke kaya, maigidansa ya sallame shi, ya dawo ƙauye yana ɗingishi, ba gonar kirki, ba sana'a. Bulama, wato mai garin, shi ne ya ji shi wata rana yana kiran awakin mahaifiyarsa daga can bakin fadama, ya sa aka kira shi, ya ba shi shelar gari.

Garin Kanya yana bayan Mamudo, kuma mutanensa ba harshe ɗaya suke yi ba. Saboda haka Babaji yakan fara da Hausa, ya maimaita da Ngizimanci, ya juya da Karekare, in ya kai rugar Fulani ya lallaɓa da ɗan Fillancin da ya tsinta a kara, kasuwar shanu. Ɗaurin aure, rasuwa, akuyar da ta ɓata, ranar rigakafi, duk daga bakinsa ake ji. Yana da hali guda da aka san shi da shi: ba ya shelar abin da bai tabbatar ba. In aka ce masa wane ya rasu, sai ya hau kekensa ya je gidan tukuna. Har ya yi furfura ba a taɓa cewa Babaji ya faɗi abu an tarar ba haka ba.

Tsakanin ƙauyen da hanyar Mamudo akwai wani kwari da ruwa ke cika da damina, wanda mutane ke kira Mashigi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, maza sukan yi gayya, su ɗebo duwatsu da buhunan yashi su cike inda ruwan bara ya cinye, don amalanken shanu da babura su samu wucewa. Babaji ne ke kiran gayyar.

Shekarar da abin ya faru, an riga an sa ranar gayya sai ga Zakari a mota. Zakari ɗan yankin ne, yaron ɗan majalisar da ke wakiltar su a jiha, shi ke riƙe masa ofishin mazaɓa a cikin Potiskum. Ya durƙusa ya gaida Bulama, sannan ya juyo wajen Babaji da fara'a.

"Baba, albishir na kawo, kuma bakinka nake so ya kai shi. Onarabul ya tashi a majalisa ya yi maganar Mashigi, an amince. Kwalbati za a yi muku na siminti da rodi. Kafin ruwa ya kankama ma'aikata sun iso."

"Ka ji da kunnenka, ko faɗa maka aka yi?"

"Ina wurin, Baba. In ba ka yarda ba ka kunna rediyo da yamma."

Babaji ya kunna. Ya ji mai labarai ta ce majalisa ta amince da ƙudurin da aka gabatar kan mashigin Garin Kanya. A wurinsa magana ta tabbata. Washegari ya ɗauki sabuwar lasifikar da Zakari ya bar masa, ya zaga gari da rugage, yana shela da duk harsunan da ya iya. Mata suka yi guɗa. Dattawa suka zauna suka ce tunda injin zai zo ya tone wurin, wahalar banza ce a jibga duwatsu. Aka fasa gayya.

Ruwa ya sauka, ba a ga ma'aikaci ko ɗaya ba. Mashigi ya zaftare fiye da kowace shekara. Wata safiya Halliru, maƙwabcin Babaji, yana dawowa daga Mamudo da taki a amalanke, gefen hanyar ya rufta da shi. Takin ya narke a ruwa, bijiminsa ɗaya ya karye a cinya, dole aka yanka shi a bakin kwarin, ana tsakiyar huɗa.

Halliru bai tafi gidan Bulama ba, bai nemi Zakari ba. Ƙofar Babaji ya zo, da jini a hannun rigarsa.

"Da wani ne ya faɗa, wallahi da ni kaɗai zan ɗebo duwatsun nan. Amma kai ka faɗa."

Bai jira amsa ba ya juya.

Daga ranar aka sa wa Babaji suna Kwalbati. In ya shiga majalisar masu shayi sai wani ya tambaye shi ko siminti ya iso. Ya yi shelar rigakafin shanu, rabin gari suka ƙi fitowa, suka ce sai sun gani da ido. Abinci ya daina shigar masa. Matarsa Falmata ta ce, "Malam, ba kai ka yi alkawarin ba, saƙo aka ba ka."

"Muryar wa suka ji?" in ji shi. "Ta Zakari?"

Ya je ofishin Potiskum ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya kira waya ba a ɗauka. Sai ya sauka a unguwar Yerimaram gidan 'yarsa Ramlat, da safe ya hau mota ta bi ta Damagum zuwa Damaturu. Bai taɓa shiga majalisa ba. Masu gadi suka caje shi, suka nuna masa inda 'yan kallo ke zama. Ya hau matakala da ƙyar saboda ƙafarsa, ya zauna yana kallon manyan riguna ana ta Turanci, bai tsinci komai ba. A gefensa akwai wata mata da ƙaramar na'urar ɗaukar magana. Da aka tashi, ya ji ta amsa waya, nan take ya gane muryar. Ita ce mai labaran rediyo, Sa'adiya.

Ya gaishe ta, ya faɗi daga inda yake, ya tambaye ta yaushe za a fara aikin da ta ce an amince.

Ta ce, "Baba, ƙuduri ne aka amince da shi. Wato majalisa ta yi kira ga hukumar da abin ya shafa ta duba wurin. Kira ne kawai. Kafin a yi aiki sai an sa shi a kasafi, an ba da kwangila. Ni dai ban ji an kai nan ba."

"Wanda ke aiki da ɗan majalisa, ya san wannan bambancin?"

"Ai shi ne aikinsa kullum."

Ashe ba jinkiri aka samu ba, tun farko babu ma'aikatan da za su zo. Babaji ya fito harabar yana jan ƙafa, sai ga Zakari a wajen ajiye motoci, yana cin gyaɗa da wasu abokansa.

"A'a, Baba, kai ne a Damaturu? Da ka kira ni ai."

"Na kira. Zakari, ka san babu kwangila ranar da ka zo?"

Zakari ya ja shi gefe, ya rage murya. "Baba, mataki-mataki ne. An fara, ai shi ne babba."

"Ka ce kafin ruwa ya kankama."

"To, haka ake magana a siyasa. Kowa ya san yadda ake sauraron irinta. Ni ban ce ku fasa gayyarku ba."

"Ba ka ce ba. Ka dai zaɓi bakin da ka san in ya faɗa za a fasa. Me ya hana ka tsayawa a kasuwa ka faɗa da naka? Don ka san ba mai ajiye buhu ɗaya saboda maganarka. Tun ba a haife ka ba nake tsare bakin nan, ka zo ka are shi na yini guda ka mayar mini da shi ba ya da amfani."

Muryar da ta saba ratsa ƙarar tirela ce, duk harabar aka waigo. Zakari ya ce a yi haƙuri, zai yi wa Onarabul maganar bijimin Halliru. Babaji ya zaro lasifikar daga buhun da ya rataya, ya ɗora ta a kan motar, ya fita.

Ranar kasuwar Garin Kanya bai nemi izinin Bulama ba. Ya hau kan turmin masu awo, da bakinsa kawai.

"Jama'a ku saurara. Na je Damaturu na tambaya. Babu kwalbati bana, babu wanda ya san na baɗi. Abin da aka yi a majalisa kira ne, ba aiki ba. Zakari ya sani, ya ba ni in faɗa muku akasin haka. Duk mai son wucewa Mashigi ya nemi dutsensa."

Ya maimaita da Ngizimanci, ya maimaita da Karekare, bai rage sunan kowa ba.

Da la'asar Bulama ya aika aka kira shi. Ransa a ɓace yake, don an riga an bugo masa waya daga Potiskum.

"Babaji, ka san abin da ka jawo wa garin nan? In gobe ana rabon taki aka tsallake mu fa? Mutanen nan ba a yi musu haka a kasuwa."

"Ranka ya daɗe, a kasuwa na yi musu yabon ƙarya, ba ka kira ni ba."

"To daga yau saƙona ba zai bi ta bakinka ba."

Haka kuwa aka yi. Saƙon Bulama ya koma bi ta wayar ɗan ƙanensa, wanda ke turawa a zauren matasa na waya, tsofaffi da mata su ji in an ga dama an faɗa musu. Da aka zo rabon taki an ba Garin Kanya, amma kaɗan, wasu suka ce laifin Babaji ne, wasu suka ce dama haka ake ba su. Ba wanda ya zo da maganar bijimin Halliru. Da saniyar aro ya ƙarasa huɗa, a makare, geronsa bai yi ba.

Da ruwa ya ɗan tsagaita, maza suka fita Mashigi ba tare da an kira su ba. Aikin ya fi na kullum wuya, don sai da suka shiga taɓo har gwiwa. Babaji ba ya iya ɗaukar dutse mai nauyi, sai ya zauna a bakin kwarin yana ɗura yashi a buhu, yana faɗa shi kaɗai, duk wanda ya matso ya ji labarin Damaturu daga farko. Har yau in aka ambaci majalisa a rediyo yakan miƙa hannu ya ƙara murya, ya saurara fuska a murtuke, sannan ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Kira ne. Kada ka ajiye komai."

Bayan girbi Halliru ya leƙo zauren Babaji, karon farko tun ranar bijimin. Bai zauna ba. Ya ce zai aurar da 'yarsa Zara ranar Juma'a bayan an sauko, yana so mutanen rugage su ji, su kuwa ba su da waya.

Babaji ya tambayi sunan angon da garinsu. Halliru ya faɗa. Falmata ta fito wa Babaji da keken, don ta san sai ya je ya tabbatar kafin ya yi shela, ta ce tayar baya ba iska, ya tura shi zuwa wajen mai faci.