Ƙwallon Dabino Uku na Yaya Bukar

Duk wanda ya zauna da Yaya Bukar a Gafasa ya san ƙwallon dabinon nan uku da ba sa barin aljihunsa. Kana fara lissafo masa buƙatu zai zube su a tabarma ya ce, "Uku. Wanne ne na farko?"

Ko matarsa Falmata ba ta tsira ba. Ran kasuwar Gaya ta jero masa abu bakwai, ya ce ta zaɓi uku. Ta zaɓi atamfa, turare da takalmi. Ranar aka kawo masa miya lami, ba gishiri ba daddawa.

"Falmata, wannan fa?"

"Ai ba su shiga uku ba, Malam."

Wallahi tas ya cinye, ya suɗe hannu.

Ni ƙaninsa ne, amma mun yi shekaru ba ma ga-maciji saboda wata tsamiya da ke kan iyakar gonarmu ta gado. Ga shi shi ne shugaban ƙungiyar manoma, ni sakatare. Tabarma ɗaya muke zama, sai ka ji ya ce, "Ku gaya wa Sale ya rubuta." Ni kuma in ce, "Ku gaya masa na rubuta."

Shekarar da wata injiniya ta zo daga Kano za ta haɗa mana manhaja a waya, ta tambayi abin da muke so a ciki. Kai, jama'a! Wannan ya ce hasashen ruwan sama, wancan ya ce sakamakon ƙwallo. Wani ma so yake ta riƙa tashinsa sallar asuba. Yaya da kansa ya ce a sa hotonsa a gaba, da rawani. Baiwar Allah ta cika takarda biyu, ta rasa ta inda za ta kama.

Sai Yaya ya ce, "Tsaya, 'yata. Kafin me muke so, me ke cin mu?"

Wani dattijo ya ce, "Dillalai. Da kaka su kwashe dawarmu a wulaƙance, don ba mu san farashin birni ba."

"To, ga maganar. Duk abin da bai taɓa wannan ba, ya jira."

Ya sa aka jera ƙore, kowace buƙata da ƙwaryarta, aka raba wa kowa ƙwallo uku. Ƙwaryar farashi ta cika har tana zuba. Ta hotonsa kuwa wayam, ko nasa babu. Ya leƙa, ya gyara hula.

"Munafukai! Har da ni a cikinku."

Manhajar ta fito da abu ɗaya tal: farashin hatsi kowace safiya. Kakar nan dillalai sun sha mamaki.

A wajen taron ne na ce a tambaye shi, zumunci na nawa ne a jerinsa. Bai ko dube ni ba.

"Ku gaya masa bai shiga uku ba tukuna."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta ci ni.

Da ciwo ya kwantar da shi, 'ya'yansa suka kewaye shi. Wannan na cewa asibitin Kano, wancan na cewa a fara rubuta wasiyya. Ya ce duk su jira, a kira Sale.

Na shiga na tsaya daga bakin ƙofa. Ya lalubi aljihu da ƙyar, ya kamo hannuna, ya zuba min ƙwallayen nan duka ukun.

"Sale," in ji shi, ba ɗan aike. "Na yi kuskuren jeri."

Suna aljihuna har yau, tsamiyar kuma jikokinmu ke shan inuwarta tare. Allah Ya jiƙan Yaya Bukar, Ya yafe mana ni da shi. Ranar da za a kira masu shiga Aljanna, Allah Ya sa yana cikin na farko.