Faifan da Mma ta wanke

Wata Alhamis cikin watan Mayu, ina da shekara tara, na dawo daga makaranta na tarar da rigar rawata a rataye a baranda, tana ɗigar ruwa kan bokitan da Mma ta shuka yakuwa da kuɓewa. Jiya-jiya na kawo ta gida fara fat, siket ɗinta a buɗe, tsaye kewaye da ƙugu kamar faifai. Yanzu ga shi ya langaɓe ya zubo ƙasa, sai ka ce tsohon gidan sauro. Mma, mahaifiyata ke nan, tana bakin keken ɗinkinta, ta ɗago tana murmushin wadda ta yi aikin lada. "Na gyara miki," in ji ta. "Yanzu ko ba komai zai rufe cinya." Saura kwana biyu mu hau dandamali.

A lokacin muna hawa na biyu a wasu gidajen haya da ke High Point Road, tun ba a sake wa titin suna ba. Iyayena 'yan Zangon Kumasi ne da suka yi ƙaura zuwa ƙasar Turawa. Baba yana ɗaukar kaya a wani sito can wajen Wendover, Mma kuwa tela ce, falonmu shi ne shagonta. Matan Gana da na Nijar nan suke kawo atamfa da leshi, su sha koko, su yi ta hira har tuwo ya kusa ƙonewa. Aikina shi ne zura mata zare a allura, da tsince guntayen ƙyalle daga kafet, da ba yakuwa ruwa. In na gama sai in sauka filin ajiye motoci mu yi ampe, wasan tsalle da tafi na yaran Gana, har sai Mma ta leƙo ta taga ta kira cikakken sunana. Wannan tsallen ne wata malamarmu ta gani, ta samo mini gurbi kyauta a makarantar bale, rawar Turawa ta tsayuwa kan yatsun ƙafa, da ke kusa da Irving Park. Bayan kwana uku Baba ya ce yarinya ce, a bar ta, amma da dogon wando a ciki, kuma kada ya ji an rasa Islamiyya.

Rigar nan Turawa na ce mata tutu, sunan da Mma ba ta taɓa yarda ya fito daga bakinta ba, sai dai ta ce faifai. Yadi ne mai raga-raga ake jerawa hawa-hawa, fiye da goma, kowane hawa ya ɗara na ƙasansa faɗi, sannan a bi da zare a ɗaure su sako-sako don su tsaya wuri ɗaya. To, a sana'ar Mma zare sako-sako ɗinkin riƙo ne, wanda tela ke cirewa kafin ya miƙa wa mai kaya. Da ta gani ranta ya ɓaci, ta ce wane ragon tela ne zai ba 'yarta aikin da bai gama ba. Ta sa almakashi ta tsinke su ɗaya bayan ɗaya, ta jiƙa rigar a ruwan ɗumi don taurin ya saki.

Na yi kuka har da birgima. Rigunan huɗu ne kacal, na mu huɗun da za su tsaya a sahun gaba, kuma an ja mana kunne cewa wadda tata ta lalace sai dai ta zauna cikin 'yan kallo. Cikin kukan na faɗa wa Mma da Turanci cewa ba ta san komai ba. Na zaɓi Turanci ne don ina tsammanin ba za ta gane ba. Ta gane sarai. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga hannu ba, ta dai kashe keken, kuma har yau in na tuna kunya takan rufe ni.

Washegari ba ta bar ni na je makaranta ba. Ta ci ado da leshinta na Sallah, ta yafa mayafi, ta naɗe rigar cikin zane, muka hau bas biyu zuwa makarantar rawar. Mai kula da ɗakin tufafi wata tsohuwa ce, Misis Dalton, mai tabarau rataye da igiya, wadda duk muke tsoro. Na buɗe baki zan yi tafinta, Mma ta danne mini kafaɗa. Da guntun Turancinta ta ce, "Ni na ɓata. Ba yarinya ba. Ki hukunta ni." Matar da malaman Zango ke gaisarwa da girmamawa, ga ta tsaye gaban baƙuwa tana ba da haƙuri saboda ni.

Misis Dalton ta juya rigar ta daɗe tana dubawa. Ta ga an tsinke zare fiye da ƙirga ba a huda raga ko ɗaya ba, sai ta sauke tabarau ta tambayi Mma ko tela ce. Daga nan ta ja mu gaban wasu tsofaffin hotuna a bango. Ta ce kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, a Faransa, rigar doguwa ce mai laushi har ƙwauri, sai da masu rawa suka ƙware a aikin ƙafa aka yi ta rage ta don a riƙa ganin sawunsu, har ta koma faifai. Na fassara wa Mma. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe kakanninsu sun san kunya, jikoki ne suka yi ta datsewa." Wannan kam ban fassara ba.

Ɗaurin zare ba wuya, in ji tsohuwar, amma maido da taurin zai ci kwanakin da ba mu da su. Mma ta zura hannu a jaka ta fito da robar man shanu cike da sitacin rogo, irin wanda take sa wa shaddar Baba har ta tsaya da ƙafarta. A nan ta dama shi, ta tsoma rigar, ta kife ta kan tebur a rana. Kafin azahar ta bushe ƙarau. Mma ta yi sallarta tsakanin rigunan da ke rataye, sannan suka zauna gwiwa da gwiwa, Misis Dalton na nuna mata yadda ake barin zaren da sako. Hannun Mma ya saba da matsewa, sau uku ana sa ta ta warware, tana ƙunƙuni da Hausa tana sakewa.

Ranar Asabar na yi rawata a sahun gaba, kuma duk cikin huɗun ba faifan da ya kai nawa tsayuwa. Mma tana bayan labule da allura soke a mayafinta. Da na sauko na tambaye ta ko ta ga rawata, ta ce, "Ina na ga rawa? Faifai nake kallo kada ya faɗi." Daga ranar ta zama ta hannun daman Misis Dalton. Shekara biyar na ƙara ina rawa kafin na bari don kaina, kuma duk wasan da na yi tana can baya tana ɗaure zaren 'ya'yan mutane. Sai da na girma na lura ba ta taɓa zama a kujera ta kalle ni ta gaba ba.

Yanzu rigunan a kwali suke zuwa, ka danna waya a aje maka a bakin ƙofa, ba wanda ya san hannun da ya ɗinka. Misis Dalton ta rasu, yatsun Mma sun daina riƙe allura, barandar yakuwa ma wasu ne a ciki. Bara 'yata ta hau dandamali karo na farko. Na je da wuri na kama wa Mma kujera a sahun farko, na cire allurar da ta soke a mayafi don sabo, na riƙe hannunta. Da aka ɗaga labule aka fara rawa, can ta sunkuyo ta ce mini a hankali, "Ashe haka abin yake da kyau daga nan." Allah Ya saka wa Mma da alheri, ni dai ba ni da abin biyanta.