Alhaji Bala da Tarihin Kulob Ɗinmu na Hoki

Jiya a taron tsofaffin 'yan kulob ɗinmu na hoki a Sabon Gari, Alhaji Bala ya karɓi makirfo ya ce shi ya kafa kulob ɗin. Har da share ƙwalla.

Mutumin nan fa, a farkon shekarun 2000 da muke atisaye a Samaru, kan babur yake tsayawa yana mana dariya, wai ga manoma sun duƙa babu gona. Mu muka tsince ƙaya da duwatsun filin. Ni har haƙori na bari a can.

Da aka zo hoto ya karɓi sanda, ya gyara babbar riga, ya buga ƙwallo da bayan sandar, abin da ake hana ɗan koyo tun ranar farko.

Anti Rifkatu, tsohuwar mai tsaron ragarmu, ta ce, "Alhaji, ai da ɗaya gefen ake bugawa."

Ya ce, "A zamaninmu haka muke yi."

Ta ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Daga kan babur ba a gane gaba da baya."

Ku da kuka san filin nan, don Allah wa ya taɓa ganin sawunsa a ciki?