Ɗan Tsegumin Iya

A gidanmu na Rogo Sabon Gari ba a jin tatsuniya kyauta. Iya, mahaifiyar babanmu, ita ce mai tatsuniyar, kuma ladanta ɓarar gyaɗa. Da an gama girbi sanyi ya sauko, an ci tuwo an yi sallar isha'i, sai ta jawo kaskon wutarta tsakiyar ɗaki, ta juye mana gyaɗa a kan tabarma, kowa ya ja kasonsa gabansa. Mukan kai bakwai ko takwas har da yaran maƙwabta. Idan hannun wani ya tsaya, bakinta ma ya tsaya ke nan, sai mu taru a kan mai laifin da harara har ya ci gaba. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Ita cewa take, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa," mu kuma mu amsa, "Ta shigo, an yi shara."

Ni Maigida take kirana, irin wasan nan na kaka da jika, kuma ba ta taɓa barina na sha ruwa ba. Kullum ƙorafinta ta auri malalaci, ko gishirin miya bai taɓa kawo mata ba.

Ina da shekara goma sha biyu ko kusa da haka Baffa Sule, ƙanin babanmu mai jan bas tsakanin Rogo da Kano, ya ba ni tsohuwar empinsa don ya sayi sabuwa. Empi ita ce 'yar na'urar nan ta sauraron waƙa da karatu, wadda ake soka wa memori a gefe. Tawa ja ce, ba ta fi sabulun wanka ba, murfin batirinta ya karye an ɗaure shi da kyauro. Ba ta kira, ba ta ɗaukar hoto, ba ta san komai ba sai sauti. Amma tana da wani maɓalli guda wanda idan ka danna sai ta ɗauki maganar da ake yi. Ranar da na gano wannan maɓallin, ba wanda ya tsira a gidanmu, har akuya.

Da daddare na ɓoye ta a aljihu na ɗauki Iya ba ta sani ba. Da ta gama na kunna mata. Ta saki gyaɗar hannunta ta kasa kunne.

"Wace tsohuwa ce wannan mai murya kamar ta sha barkono?"

Muka fashe da dariya. Na ce, "Ke ce, Iya."

"Ni? La'ilaha illallahu. Maigida, ɗan tsegumi ka shigo mini da shi ɗaki? A yi magana ya kwashe ya je ya faɗa?"

Sunan ya bi na'urar tun daga ranar. Ta yi fushin ƙarya na kwana biyu, rana ta uku da kanta ta ce in ajiye shi kusa da kasko yadda zai ji da kyau. Sai dai ta kafa mini sharaɗi. Na taɓa kunna muryarta, da ta ƙare sai wata waƙar biki ta Baffa ta biyo baya da kiɗa, Iya ta ɓata rai da gaske. Ta ce, "Idan za ka ajiye ni, ajiye ni ni kaɗai. Kada ka gwamutsa ni da 'yan kalangu, ni ba sa'arsu ba ce." Dole na roƙi Baffa ya goge waƙoƙinsa. Daga nan ɗan tsegumi ya zama na Iya ita kaɗai. Tatsuniyoyi kusan ashirin na tara a cikinsa a sanyi biyu, da ƙarar ɓawon gyaɗa, da tarinta, da dariyarmu.

A cikinsu akwai wadda ta fi maimaitawa, wadda mu kuma ba mu cika so ba, don babu kura babu dodo. Wai wata tsohuwa ce da ɗanta manomi. Tana da wata irin dawa da ta gada wurin iyayenta, wadda tuwonta ko ba miya ana iya cinsa. Duk kaka sai ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi kyau, ta sussuke da hannunta, ta gauraya da toka, ta zuba a wani ɗan tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Tana liƙewa tana waƙa:

"Tulu, tulu, rufe bakinka,
Abin cikinka ba na bana ba ne."

A nan Iya kan ja murya ta lumshe ido, mu kuma hannuwanmu su tsaya, kuma a wannan wurin kaɗai ba ta yi mana faɗa.

To, wata shekara ɗan nan ya samu albarkar noma, ya gina rumbu wanda ba a taɓa ganin irinsa a garin ba. Dawa ciki, gero ciki, wake ciki, gyaɗa ciki, mutane na zuwa kallo. Sai ɗan tulun nan ya fara ba shi kunya. Ya ce wa uwar, ga rumbu mai ɗaukar komai, me za a yi da wani tulu a ƙarƙashin gado? Ta ce a bar mata kayanta. Ranar da ta tafi gaisuwa wani gari, ya fasa lakar ya juye irin cikin rumbu, ya wurgar da tulun bayan ɗaki. Da ta dawo ta yi magana, ya ce ai ba zubarwa ya yi ba, adanawa ya yi a wurin da ya fi tsaro. Rani ya yi, ana ɗiba ana ci, ana ɗiba ana ba baƙi. Da ruwan farko ya sauka uwar ta ce ya ɗauko mata irinta. Ya shiga rumbu ya yini yana tona, ya kasa bambance ƙwaya da ƙwaya, kuma mafi yawa ma an riga an cinye. Ya je kasuwa ya sayo wani iri ya shuka, ya kuma yi kyau.

Nan take tsayawa. Mu kuma mu ce, "Shi ke nan? Ba abin da ya same shi?"

"Ya same shi mana. Bai taɓa kwana da yunwa ba, amma har ya mutu yana cin tuwo yana tuna wani tuwo."

Wata rana na ce da ƙarfi, "Wannan ai wawa ne. Da ni ne ba zan juye ba." Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Za mu gani, Maigida." Sannan ta rufe yadda ta saba: "Baƙuwa ta tafi, a kwashe ɓawo."

Iya ta rasu ina ajin ƙarshe a sakandare. Watannin farko nakan kunna ɗan tsegumi in ji ta, wani lokaci in kashe tun ba ta kai tsakiya ba don ba zan iya ba. Bayan shekara biyu na koma Karaye, na sauka gidan Gwaggo Asabe, 'yar Iya ta fari, a unguwar Daura, ina koyon aiki a wani shagon buga takardu. A nan na sayi babbar wayata ta farko, mai shafawa. Kai, na yi rawar kai da wayar nan. Duk wanda na gani da empi sai na tsokane shi, in ce ga abu guda mai kira, mai hoto, mai rediyo, mai tocila, mai waƙa, kai kana yawo da akwatin da aiki ɗaya ya iya. Batirin tawa ya riga ya kumbura, ban ma nemi wani ba. Na zare memorin na sa a waya don ta ƙara wuri, na jefa jar na'urar cikin akwatin tsofaffin littattafai. A raina na ce ai Iya ma ta samu ci gaba, yanzu duk inda na je tana aljihuna.

Abin da ban lura ba shi ne, muddin tana cikin ɗan tsegumi, ganinsa kaɗai yana tuna mini da ita. A cikin waya kuwa ta koma wasu lambobi marasa suna a ƙarƙashin hotuna da bidiyoyin barkwanci da saƙonnin murya na abokai. Wata ya wuce ban buɗe ba, sannan shekara.

Ranar wata kasuwar Karaye, ana shirin bikin abokina, na je wurin mai turi, irin samarin nan da ke zama ƙarƙashin lema da kwamfuta suna tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. Na zare memori na miƙa masa na ce ya cika mini da sababbin waƙoƙi. Ya soka ya duba ya ce, "Yallaɓai, wurin ya yi kaɗan. A goge ne ko a ƙara a kai?" Tambayar da yake yi wa kowa ce, ya yi ta sau ɗari a ranar. Ni kuwa kaina na kan waya ina amsa saƙon angwaye. Ko ɗagowa ban yi ba na ce, "Goge kawai, tarkace ne." Bai yi minti biyu ba. Na karɓa har da yi masa godiya, muka sha biki, waƙoƙin suka yi daɗi.

Sai bayan wata huɗu na san abin da na yi. Idon Gwaggo ya fara ba ta matsala, ta rage fita, ta yawaita zama shiru. Wata la'asar ina shigowa ta ce, "Ɗan nan, wannan abin da ka ɗauki Iya a ciki, yana nan kuwa? Yau tun safe muryarta nake son ji."

"Yana nan, Gwaggo. Ai yanzu ma a waya take."

Na zauna gefen tabarmarta ina dubawa. Na duba sama, na duba ƙasa, waƙar biki ke fitowa, wata bayan wata. Ina cikin nema tambayar mai turi ta dawo mini, da amsar da na ba shi. Na ce mata caji ne ya yi ƙasa, sai gobe. Ƙarya na yi mata, kuma har yau wannan ma tana damuna. Washegari na nemo mai turin har gidansu. Ya ji tausayina, ya gwada abin da zai iya, ya ce da ba a tura komai a kai ba da akwai dabara, amma an riga an cika shi fal, abin da ke ƙasa ya tafi. Na so in ga laifinsa, na rasa ta inda zan kama, don ya tambaye ni.

Da na faɗa wa Gwaggo gaskiya ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, "Allah Ya jiƙan Iya." Can ta ce, "Ka dai riƙe waƙar tulu?" Na ce na riƙe, na rera. Ta girgiza kai ta ce, "Ba haka take ja ba." Ta rera nata, ni ma na ji ba haka ba ne, amma na kasa cewa ga inda ya kauce. Muka zauna mu biyu, 'yar Iya da jikanta, kalmomin na bakinmu, karin ya ɓace mana. A ranar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yanzu shekaru sun ja. Wayar da ke hannuna ta ninka waccan sau nawa, kuma ba zan yi munafunci in zage ta ba, da ita nake aiki, da ita nake gaisawa da 'yan'uwa, da ita nake jin karatu a hanyar Kano. Idan matasa a shago suna gardamar ko empi tana da sauran amfani, kusan duk abin da suke faɗa gaskiya ne, ni ma na faɗe shi da bakina. Abu ɗaya na sani wanda ba su sani ba: wayata tana ɗauke da komai, shi ya sa ba ta tsare mini komai. Ina tsakiyar sauraro kira zai shigo, saƙo ya biyo, in manta abin da nake ji. Ɗan tsegumi kuwa abu ɗaya aka ba shi, ya riƙe shi shekara bakwai da karyayyen murfi, bai ɓatar da ko tari ɗaya ba sai da ni na buɗe shi na juye.

Har yanzu ana sayar da empi a kasuwar Karaye, tsofaffi ke saya don karatu da wa'azi. Bara na sayi guda, mai kayan yana mini dariya wai ko wayata ce ta lalace. Na ɗauki Gwaggo a ciki, tatsuniya shida ta iya tunowa, na ajiye a akwati ban haɗa ta da kowa ba. Hakan ya rage mini wani abu, amma Gwaggo ce a ciki, ba Iya ba.

Ina da 'ya yanzu, ta ci sunan Iya, muna kiranta Ummi. A sanyin da ya wuce na sayo gyaɗa mai ɓawo na zube mata a tabarma, na kashe waya, na ce ga baƙuwa a bakin ƙofa. Na ba ta labarin tsohuwa da tulu. Da na zo wurin waƙar sai na faɗi kalmomin kawai, ban rera ba, ita kuma ba ta san akwai abin da ya ɓace ba. Da na kai ƙarshe ta yamutsa fuska, ta watsar da ɓawon hannunta ta ce, "Baba, wannan mutumin wawa ne. Da ni ce ba zan juye ba."

Na daɗe ina kallonta. Amsar Iya, "Za mu gani," na bakina, na kasa faɗa. Na ce mata, "Haka ni ma na ce, Ummi."